Mai Bulala da Wanda Ya Ba Shi Bulalar: Sharhi a kan Ikon Shugaban Ƙasa na Tsige Mai Bincike

Gabatarwa

Akwai kalmomin Hausa biyu da siyasar Nijar ta ara ta shigar cikin jaridun da ake rubutawa da Faransanci, har suka zauna daram ba tare da fassara ba. Ta farko ita ce "tazarce", wadda ta yi tashe a Nijeriya zamanin Janar Sani Abacha, sa'an nan ta ƙetaro ta sami gindin zama a nan a 2008 da 2009. Ta biyu ita ce "mai bulala", sunan da aka laƙaba wa yaƙi da masu cin dukiyar ƙasa bayan sake zaɓen Shugaba Mahamadu Isufu a 2016. Akwai kuma wata ta uku da ta biyo hanya ta baya, wato ta fito daga Faransanci ta shigo Hausa ta bakin masu fassarar labarai a rediyo, ita ce "hukuma mai zaman kanta".

Waɗannan kalmomi uku labari ɗaya suke bayarwa. "Mai bulala" ta ambaci mai duka, amma ta yi shiru a kan wanda ya miƙa masa bulalar, da kuma ranar da zai ce a maido masa abarsa. "Mai zaman kanta" ta yi alkawarin cewa babu wanda zai karɓe ta. "Tazarce" kuwa ita ce ranar da aka gwada alkawarin. Wannan sharhi zai dubi dokokin da suka kafa masu bincike da masu sa ido a kan shugaban ƙasa a Nijar, ya gwada su da na wasu ƙasashe, domin nuna abu guda: ba a gane ƴancin mai bincike ta sunan da aka rubuta a allon ƙofar ofishinsa, ana gane shi ne ta ayar da ta faɗi wanda zai iya sallamarsa, da kuma sauran ƙofofin da doka ta bari a buɗe ga mai son kawar da shi ba tare da ya kira abin sallama ba.

Abin da ƙauye ya riga ya sani

Mai karatu na iya ɗauka cewa wannan magana ce ta lauyoyin Yamai, wadda ba ta shafi mai noman albasa a fadamar Tarka ta ƙasar Madawa ba, balle matar da ta yi dakon dutse a kan tsaunukan Keita. Gaskiyar magana ita ce mutanen waɗannan wurare sun daɗe da sanin ƙa'idar, tun kafin ta zama abin gardama a babban birni. Duk garin da ya taɓa riƙe bankin cimaka ya san cewa akwai shugaban kwamiti, akwai ma'aji, akwai kuma masu duba lissafi, kuma taron gari ne ke zaɓen masu duba lissafin. Da a ce shugaban kwamiti ne ke ɗaukar su yana kuma sallamar su yadda ya ga dama, da babu wanda zai kai damin geronsa ajiya a wurin. A jahar Tawa ne kuma aka fara, a 2004, shirin ƙarfafa kwamitocin kula da lakwal da ake kira COGES tare da tallafin Japan, inda iyayen yara ke zaɓen wakilansu da ƙuri'ar asiri, don kada mai gari ko darakta ya zama shi ne mai naɗa wanda zai tambaye shi lissafi.

Ƙasashen Madawa da Buza da Keita sun ga kuɗin jama'a suna shigowa da sunansu shekara da shekaru. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya na ƙasar Buza don kare gonaki daga iska. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, inda mata suka fi yawa cikin masu aikin tare ruwa da farfaɗo da faƙo, ana biyan su da abinci. Tanja Mamadu shi ne farfen Tawa a lokacin, muƙamin da ya yi daidai da na gwamnan jaha a yau, ya kuma riƙe shi daga 1981 zuwa 1988. Da ya zama shugaban ƙasa sai ya ƙirƙiro shiri na musamman a 2001, wanda aka gudanar da kuɗin yafe bashi, ana gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani da madatsun ruwa, fadar shugaban ƙasa kuma ita ke jan ragamarsa. Ko da shiri irin wannan ya tafi babu tangarɗa, tambayar tana nan: idan ɗan Buza ya ga ajin da aka ce an gina musu har yanzu zana ce da kara, wa zai bi sawun kuɗin har ya kai tushe, alhali tushen yana cikin fadar da ta naɗa shi?

Bincike daga sama zuwa ƙasa bai taɓa yin wuya ba. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, taron ministoci ya sha tsige magadan gari bisa rahoton sufetocin ma'aikatar cikin gida. Wuyar aikin tana wajen binciken da ya ɗaga kai ya dubi sama.

Fikihu da fada

Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman fikihu, irin su Mawardi a littafinsa kan hukunce-hukuncen sarauta, sun tattauna ko mai mulki na da ikon tuɓe alƙalin da ya naɗa. Sun yarda yana da shi, amma sun ga abin da ya fi dacewa shi ne kada ya yi sai da uzuri. Sun kuma kafa wata ƙa'ida mai zurfi, cewa mutuwar shugaba ba ta sauke alƙalansa, domin alƙali yana zaune ne a madadin jama'a, ba wakilin shugaba ba ne a kan harkar gidansa. Wato naɗi daga hannun mutum ɗaya yake fitowa, amma amanar ta al'umma ce. Wanda ya fahimci wannan bambanci ya fahimci rabin gardamar da ake yi yau a kotunan duniya.

A fada ma ba a bar sarki shi kaɗai ba. Gobirawa suna da majalisar Taran Gobir, Katsinawan Maraɗi suna da rukuni huɗu, wato Galadima da Kaura da Ƴandaka da Durɓi, waɗanda ke zaɓen sarki, kuma ba a yanke babbar shawara a bayan idonsu. Bai kamata a ƙawata wancan zamani fiye da kima ba, don sarki mai ƙarfi ya sha murƙushe masu ja da shi, talaka kuma ba shi da kujera a majalisar. Abin lura shi ne al'adar ta san cewa mulki yana bukatar wanda zai ce "a'a" ya kuma kwana da rawaninsa. Saboda haka masu cewa iyakance ikon shugaba kayan aro ne daga Turai ba su yi wa tarihinsu adalci ba.

Shekarar 2009: ƙofar da aka manta

Kundin tsarin mulkin Jamhuriya ta Biyar na 1999 ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kare Kotun Tsarin Mulki. Kotun ba ƴan sanda ba ce, ba ta kama ɓarawo, amma ita ce idon da aka sa a kan shugaban ƙasa kansa, don haka labarinta shi ne ma'auni mafi kyau na wannan batu a Nijar. Mambobinta bakwai ne, kuma mutum ɗaya tak shugaban ƙasa ke gabatarwa. Ofishin majalisar dokoki na ba da ɗaya, alƙalai su zaɓi biyu, lauyoyi ɗaya, malaman shari'a na jami'a ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ɗaya. Wa'adinsu shekara 6 ne, ba a sabuntawa, ba a kuma tsige su kafin ya cika. Hukuncin kotun ba shi da ɗaukaka ƙara, yana kuma hawa kan kowace hukuma ta farar hula da ta soja. A takarda dai babu abin da ya rage.

A ranar 25 ga Mayu 2009 kotun, ƙarƙashin Malama Salifu Fatimata Bazeye, ta ba da shawara cewa shugaban ƙasa ba zai kira ƙuri'ar raba gardama don sauya kundin ba face ya saɓa wa rantsuwarsa, tun da kundin ya ƙayyade wa'adi biyu ya kuma hana taɓa wannan aya. Abin sha'awa shi ne Tanja da kansa ya gabatar da ita a kotun a 2007. Kashegari, 26 ga Mayu, ya rushe majalisar dokoki. Ya sa hannu a kan dokar kiran masu zaɓe, kotun ta soke ta ranar 12 ga Yuni. Aka nemi ta sake duba hukuncinta, ta ƙi. Ranar 26 ga Yuni ya ɗauki ikon gaggawa na aya ta 53, ranar 29 ga wata kuma ya dakatar da ayoyin da suka kafa kotun, ya rushe ta, cikin ƴan kwanaki ya naɗa sabuwa. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Ogusta, ƴan adawa suka ƙaurace, aka ba da sanarwar cewa sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince da ƙarin shekara 3.

A nan ne aibin rubutun 1999 ya bayyana. Tanja bai tsige alƙali ko ɗaya ba, domin doka ta hana. Ya bar mutanen ya ɗauke kujerun. Marubuta kundin sun kulle ƙofar sallama da kwaɗo, suka bar ta ikon gaggawa da sakata kawai. Sakatar ita ce majalisar dokoki, wadda aya ta 53 ta ce ta zauna ta sa ido a kan wannan iko, ta kuma kawo ƙarshensa idan an wuce gona da iri. To amma wata aya ta ba shugaban ƙasa ikon rushe majalisar, ya kuwa rushe ta wata guda kafin ya bukaci ikon gaggawar. Kowane mataki an jingina shi ga wata aya, jimlarsu kuma ta rusa kundin baki ɗaya.

Kotun ta yi gaskiya, amma ba doka ce ta tabbatar da gaskiyarta ba. CEDEAO ta dakatar da Nijar a watan Oktoba 2009, hakan bai mai da kotun ba. Sai ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da gwamnati, suka kuma ɗora Malama Bazeye a kan majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya. Mutane da yawa sun yi murna ranar, sai dai murnar na ɗauke da hasara a cikinta: ƙasa ta koyi cewa idan shugaba ya kawar da mai ce masa "a'a", bariki ne ke da magana ta ƙarshe. Marubuta kundin 25 ga Nuwamba 2010 sun ga ƙofar, suka rubuta ƙarara a aya ta 135 cewa ba a rushe Kotun Tsarin Mulki, ba a kuma dakatar da duk wata aya da ta shafe ta. Gyara ne mai kyau, ya kuma yi aiki muddin kundin na raye. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da kundin gaba ɗaya, har da aya ta 135.

Mai bincike yana nan, takarda ta ɓace

Hanya ta biyu ta kawar da mai bincike ta fi ta farko laushi, domin ba a taɓa shi ko hukumarsa, ana tare hanyar da ke tsakaninsa da kotu ne kawai. A watan Yuli 2011 Shugaba Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA da dokar shugaban ƙasa, ya kuma rataya ta ga fadarsa. Abin da hannu ɗaya ya kafa, hannun nan na iya sokewa. Dokar majalisa ta watan Disamba 2016 ta gyara wannan, ta kira hukumar mai zaman kanta, ta ba ta ikon buɗe bincike da kanta da kuma miƙa sakamako ga mai shigar da ƙara na gwamnati. Amma ta bar ta rataye ga fadar shugaban ƙasa. Mai shigar da ƙara kuwa yana ƙarƙashin ministan shari'a, ita ma majalisar ƙoli da ke duba naɗi da sauyin wurin aikin alƙalai shugaban ƙasa ne ke shugabantarta. Ke nan duk tsawon igiyar, ƙarshenta na hannu ɗaya.

Al'amura biyu sun isa misali. A 2006 binciken kuɗin ma'aikatar ilimi mai tushe, wanda aka sani da badaƙalar MEBA, ya gano ɓarna ta kusan miliyar 4 na sefa, wato miliyan dubu 4, a cikin kuɗin da aka ware don littattafai da kujeru da sauran kayan lakwal. Majalisa ta tura tsofaffin ministoci biyu gaban shari'a, al'amarin kuma ya kai ga faɗuwar gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007. Dalilin da ya sa wannan bincike ya yi cizo shi ne ƙasashe masu ba da tallafi ne suka nemi a yi shi, suka kuma tsayar da kuɗinsu har sai an ɗauki mataki. Babu wanda ke Yamai da zai iya sallamar su. Abin takaici ne a ce ƴancin mai bincike sai an aro shi daga baƙi, a ƙasar da ke alfahari da diyaucinta.

Na biyu shi ne binciken ma'aikatar tsaro na 2020. Bayan kisan sojoji 71 a Inates a watan Disamba 2019 da wasu 89 a Shinagodar a watan Janairu 2020, rahoton sufetocin soja ya nuna asarar kimanin miliyar 76 ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Sufetocin sun yi aikinsu, babu wanda ya hana su rubutu. Da fari gwamnati ta nuna ta fi son a maido kuɗi a wuce wurin. Da jama'a suka matsa aka kai takardun kotu. Masu fafitikar da suka kira zanga-zangar 15 ga Maris 2020 a Yamai su ne suka yi watanni a kurkuku. Daga bisani gwamnati ta yi sulhu da ƴan kwangilar ta janye daga neman diyya a gaban alƙali. Iyayen da suka rasa ƴaƴansu a filin daga ba su ga an yi shari'ar manyan da abin ya shafa a bainar jama'a ba.

Gwamnatin soja ta 2023 ta maye gurbin HALCIA da hukumar COLDEFF a watan Satumba na shekarar, shugaban majalisar soja kuma shi ke naɗa mambobinta. A watan Fabrairu 2024 wata doka ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila da na binciken da aka saba. A watan Afrilu na shekarar aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. A watan Ogusta 2025 aka rushe ƙungiyar alƙalai ta SAMAN, aka kuma kori babban magatakardanta daga aikin alƙalanci da dokar shugaban ƙasa. Sunan hukuma ya sauya tun 2011, mai riƙe da ƙarshen igiyar ne dai bai sauya muƙami ba.

Dokoki biyu a maƙwabta

Ƙasar Madawa ta yi iyaka da jahar Sakkwato ta wajen Bangi, labarin Nijeriya kuma ba ya kwana bai iso kasuwanninta ba. Can akwai gwaji mai ban sha'awa, domin hukumomi biyu ne masu aiki kusan iri ɗaya, dokar sallamarsu ce ta bambanta. Dokar ICPC ta 2000 ta ce shugaban ƙasa ba zai cire shugaban hukumar ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Dokar EFCC ta 2004 kuwa ta ba shi ikon cire kowane mamba a kowane lokaci idan ya gamsu cewa zamansa bai dace da maslahar hukumar ko ta jama'a ba. Gamsuwar mutum ɗaya ita ce hujja, ita ce kuma hukunci.

Sakamakon a fili yake. Shugabannin ICPC biyu na farko, Mustapha Akanbi da Emmanuel Ayoola, kowanne ya cika shekara 5 ɗinsa. A EFCC kuwa, an kama tsohon gwamnan Delta James Ibori a watan Disamba 2007, kafin watan ya ƙare aka ce Nuhu Ribadu ya tafi ƙarin karatu a cibiyar Kuru kusa da Jos, alhali an sabunta masa wa'adi a shekarar. Wannan ita ce hanya ta uku: a kira sallama da wani suna, ko karatu, ko ƙarin girma, ko dakatarwa. An sallami Farida Waziri a 2011, Ibrahim Lamorde a 2015, aka dakatar da Ibrahim Magu a 2020 da Abdulrasheed Bawa a 2023. Haka ma Shugaba Jonathan ya dakatar da gwamnan babban banki Sanusi Lamiɗo Sanusi a watan Fabrairu 2014, bayan ya ɗaga murya a kan kuɗin mai da ba su shiga asusu ba, ko da yake doka ta ce cire shi sai da kashi biyu cikin uku na dattawa. Dokar ta ambaci cirewa, ba ta ambaci dakatarwa ba, ta nan aka bi. Adalci ne kuma a faɗi cewa ICPC, duk da kariyarta, ba ta yi suna da cizo kamar EFCC ba. Tabbacin kujera sharaɗi ne, amma shi kaɗai ba ya haifar da himma.

Hujjar masu ja

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, bai kamata a raina ta ba. Jama'a shugaban ƙasa suka zaɓa, ba su zaɓi mai bincike ba. Idan aka wayi gari mai bincike ya zama azzalumi, ko ya zama karen farautar wata jam'iyya, wa zai tsawata masa? Ribadu kansa an zarge shi da bin abokan hamayyar Obasanjo. Magoya bayan Hama Amadu ma sun ɗauki tsare shi da aka yi a Kutukale a 2008 a matsayin share fagen tazarce.

Amurka ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. Ranar 20 ga Oktoba 1973 Shugaba Nixon ya umarci ministan shari'a Elliot Richardson ya kori Archibald Cox, mai binciken badaƙalar Watergate. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa William Ruckelshaus ma ya ƙi, ya bi shi. Sai na uku, Robert Bork, ya zartar. Fushin jama'a ya tilasta naɗa sabon mai bincike, kotun ƙoli ta umarci Nixon ya miƙa faya-fayan murya a watan Yuli 1974, ya sauka a watan Ogusta. A 1978 aka yi doka cewa alƙalai uku ne za su naɗa irin wannan mai bincike, ba kuma a cire shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili da kotu za ta iya dubawa. Kotun ƙoli ta amince da dokar a 1988 da ƙuri'a 7 da 1. Mai ƙuri'a ɗayan, Antonin Scalia, ya yi gargaɗi a kan mai tuhumar da babu mai tsawata masa. Bayan doguwar farautar Kenneth Starr ga Shugaba Clinton, jam'iyyun biyu suka bar dokar ta mutu a 1999, aka maye gurbinta da ƙa'idar cikin gida ta ma'aikatar shari'a. A watan Janairu 2025 Shugaba Trump ya sallami sufetocin ma'aikatu aƙalla 17 a dare ɗaya, ba tare da sanarwar kwana 30 da doka ta ce a ba majalisa ba. Ashe ciwon bai san ƙasa mai arziki ko matalauciya ba.

Amsar wannan hujja tana Afirka ta Kudu. Mai kare haƙƙin jama'a a can wa'adinsa shekara 7 ne, ba a sabuntawa, ba a cire shi sai da dalilin da kundi ya ambata da kuma kashi biyu cikin uku na majalisa. Da wannan kariya Thuli Madonsela ta fitar da rahotonta a 2014 kan kuɗin gwamnati da aka kashe a gidan Shugaba Zuma na Nkandla, kotun tsarin mulki ta ce a 2016 umarninta wajibi ne, Zuma ya maido rand miliyan 7.8. Da wannan ƙa'ida dai majalisa ta cire magajiyarta, Busisiwe Mkhwebane, a 2023 bayan bincike a bainar jama'a. Ke nan ana iya cire mai bincike idan ya kauce, matuƙar ba wanda ake bincika ne ke cire shi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, dokar da ke son kare mai bincike sai ta amsa tambayoyi huɗu tare. Wa ke cire shi, shin wani ne daban da wanda yake bincika? Da wane dalili, kuma wace kotu ke duba dalilin, ko da an kira abin dakatarwa ko sauyin wurin aiki? Shin hukumar kanta da kasafinta na iya tsira daga rushewa da sunan gaggawa? Shin rahotonta na isa gaban alƙali da gaban jama'a ba tare da ya bi ta fada ba? Kundin 1999 ya amsa ta farko ya manta ta uku. Dokar HALCIA ta 2016 ta taɓa ta huɗu ta bar mai shigar da ƙara a inda yake. Dokar EFCC ta faɗi tun a ta farko.

Sai dai tarihin 2009 da na 2023 ya nuna cewa aya ba ta kare kanta. Abin da ya ceci binciken Watergate shi ne ma'aikata biyu da suka zaɓi rasa kujera, da majalisar da ke zaune, da jama'ar da ta ƙi yin shiru. Nijar ta sami alƙalan da suka tsaya a 2009, amma majalisar da za ta mara musu baya an riga an sallame ta. Duk ranar da aka zauna rubuta sabon kundi, wakilan Madawa da Buza da Keita ba su bukatar littafin waje don sanin abin da za su nema. Ya isa su tambaya ko ƙa'idar da garuruwansu suka yarda da ita a kan rumbun gero za ta hau kan baitulmalin ƙasa, wato mai riƙe da makulli kada ya zama shi ne mai korar mai ƙirga buhuna.